Alƙalin da Ba a Naɗa Ba

A cikin masu sha'awar damben Turawa akwai waɗansu mutane masu wata al'ada wadda kan ba baƙo mamaki. In dare ya yi, gida ya yi tsit, sai ɗayansu ya nemo hoton wani dambe da aka yi tun shekara talatin ko hamsin da suka wuce, gama yanzu irin waɗannan hotuna suna nan birjik a intanet. Ya ɗauko takarda da alƙalami, ya raba ta biyu, ya rubuta sunayen 'yan damben a bisa, sa'an nan ya zauna yana ba kowa makinsa turmi bayan turmi, sai ka ce shi aka ɗauko ya yi alƙalanci. Ya kuwa san wanda aka ce ya ci. Kuɗin da aka biya an daɗe da cinyewa, kambun da aka yi karon dominsa ya wuce hannu goma, alƙalan ma waɗansu sun tsufa, waɗansu sun mutu. Takardarsa ba za ta mayar wa kowa kome ba. Amma duk da haka aikin nan nasa ba wasan banza ba ne, domin a daren nan har idonsa da zuciyarsa yake ɗorawa bisa ma'auni.

Kafin a gane wannan sai an san yadda ake yanke hukuncin. A damben gargajiya na ƙasar Hausa maganar gajeriya ce: wanda ya kai ƙasa an kashe shi, in kuwa aka yi turmi uku ba kisa sai a raba su, duk taro ya gani da idonsa. Damben Turawa ba haka yake ba. Kowane turmi minti 3 ne, da hutun minti 1 tsakani. Karon neman kambun duniya dā turmi 15 akan yi, amma bayan da wani ɗan damben Koriya, Kim Duk-koo, ya mutu saboda dukan da ya sha a hannun Ray Mancini cikin 1982, sai aka bi da sannu aka mai da shi 12. In an kai ƙarshe ba wanda aka gama da shi, sai a koma ga alƙalai uku waɗanda ke zaune a ɓangare uku na fage. Wanda ya ci turmi a ba shi maki 10, abokin karonsa 9. In an kai mutum ƙasa sau ɗaya yawanci sai ya koma 8. Abubuwa huɗu aka ce alƙali ya duba: naushin da ya shiga sosai, da kai hari mai amfani, da wanda ke juya fagen yadda ya so, da iya kāre kai. Da an buga ƙararrawa sai kowane alƙali ya rubuta, a karɓe 'yar takardarsa nan take. Bakin alƙalami ya bushe, ba sauran sākewa.

To, a cikin wannan lissafi akwai wani abin da yawancin masu tsegumi ba su lura da shi ba. Maki 115 da 113 ma'anarsa turmi 7 da 5 ne, watau in turmi guda ya sauya hannu sai a tashi kunnen doki. Kuma makin bai damu da yawan ratar ba: wanda ya ci turmi da ƙyar, da wanda ya ci shi a sarari, duka 10 da 9 akan rubuta. Saboda haka yana yiwuwa karo ya zama kusa ƙwarai, takarda kuwa ta nuna rata mai faɗi, ba tare da an yi maguɗi ba.

Ba damben da masu wannan al'ada suka fi komawa kansa kamar wanda aka yi a Las Vegas ta ƙasar Amurka ran 6 ga Afrilu, 1987, tsakanin Marvin Hagler da Sugar Ray Leonard. Hagler shi ne sarkin masu matsakaicin nauyi tun 1980, sa'ad da ya karɓe kambun daga Alan Minter a Landan, ya kuma tsare shi har sau 12. Bahago ne, mai jimiri, ba ya ja da baya. Leonard kuwa ya taso daga ajin da bai kai wannan nauyi ba, an yi masa aiki a ido cikin 1982, kuma a shekara biyar sau ɗaya tak ya shiga fage. Mutane da yawa suka ce ganganci ya yi. Amma ya yi dabara tun kafin a fara, ya nemi a yi turmi 12 maimakon 15, a fage mai faɗi, aka kuwa yarda masa.

Da aka fara, sai Hagler ya bar tsayuwarsa ta hagu, ya fito da tsayuwar dama, ya yi turmi biyu yana laluben abokin karonsa. Leonard ya yi ta kewaya, ya kai naushi ya zille. Daga tsakiya Hagler ya koma yadda ya saba, ya matsa, ya yi ta dukan jiki, har a turmi na 5 ya girgiza shi. Leonard kuma da ya ga turmi ya kusa ƙarewa, sai ya saki ruwan naushi, shida ko bakwai a jere, masu sauri, marasa nauyi, taro ya ɗauki sowa, ƙararrawa ta kaɗa. Aka gama ba wanda ya kai ƙasa. Lou Filippo ya ba Hagler 115 da 113. Dave Moretti ya ba Leonard 115 da 113. Na ukunsu, Jose Guerra na ƙasar Meziko, ya ba Leonard 118 da 110, watau turmi 10 da 2. Masu ƙidayar naushi suka ce Leonard ya jefa 629, 306 suka shiga; Hagler ya jefa 792, 291 suka shiga. Hagler bai ƙara shiga fage ba. Ya koma Italiya ya zauna, ya mutu cikin 2021, bai taɓa yarda an ci shi ba.

Mai takarda da alƙalami in ya zauna gaban wannan karo, tambaya guda ce ke sha masa kai a kowane turmi: minti biyu da rabi na mai matsawa da duka mai nauyi, ko rabin minti na mai sauri da ƙyalli? Doka ba ta ba shi amsa ba, sai dai ta ba shi abubuwan nan huɗu ta bar shi da su. Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Gaskiya ne, sai dai kimar nan takan karkata, kuma abubuwa uku ne ke karkatar da ita.

Na farko so. Wanda ya tashi da ƙaunar Leonard, in ya ga yana kewaya sai ya ce gwaninta. Wanda ke ƙaunar Hagler kuwa ya ce gudu. Ƙafa ɗaya ce, suna biyu. So, an ce, hana ganin laifi. Mutumin Nijeriya yana da tasa jarrabawar a nan. Dick Tiger ya karɓi kambun masu matsakaicin nauyi daga Gene Fullmer a San Francisco cikin Oktoba 1962, da maki. Suka sāke karawa a Las Vegas cikin Fabrairu 1963, aka yi turmi 15, aka ce kunnen doki. Sai a na uku, a filin Liberty na Badun cikin Agusta na shekarar nan, Tiger ya raba gardama, Fullmer ya kasa ci gaba bayan turmi na 7. Na Badun ba ya bukatar alƙalami. Na Las Vegas shi ne wurin gwaji: in ɗan ƙasa ya zauna kansa, ya iske duk turmin da ke da shakka ya faɗa wajen Tiger, to, ya kamata ya tuhumci hannunsa.

Na biyu suna. A Tokiyo ta ƙasar Japan, ran 11 ga Fabrairu, 1990, Buster Douglas ya gama da Mike Tyson a turmi na 10. Duk wanda ya sāke kallon karon zai ga Douglas ne ke bugu tun daga fari, ban da faɗuwar da ya yi a ƙarshen turmi na 8. Amma da aka buɗe takardun alƙalai, ɗaya ne kaɗai ya sa shi gaba, 88 da 82; ɗaya ya yi kunnen doki, 86 da 86; ɗaya ma Tyson ya ba, 87 da 86. A lokacin nan ba a taɓa cin Tyson ba, kwarjininsa ya cika duniya, kuma ido yakan ga abin da yake tsammani. Mai kallo na yau yana da irin wannan ciwo ta wata fuska, gama shi ya riga ya san ƙarshen labari, yana kuwa iya ba Douglas turmi tun bai ci ba.

Na uku amo. Sowar taro da muryar mai ba da labari a talabijin suna shiga kunne su zauna a hannu. Naushin da ya sauka a damtse, in mutum dubu goma sha biyar suka yi masa ihu, sai ya zama kamar ya sauka a haɓa.

Saboda haka wanda ya ɗauki abin da gaske yakan kafa wa kansa dokoki. Ya kashe sauti. Ya kalli turmi sau ɗaya yadda yake gudana, ba tsayarwa, ba mayarwa baya, domin alƙalin da yake shirin zargi bai sami wannan dama ba. Ya rubuta makinsa da tawada kafin turmi na gaba ya fara. Kada ya haɗa jimla sai an gama, don kada lissafin da ya wuce ya ja na gaba. Sa'an nan ya ajiye takardar, bayan shekara ya sāke yi a sabuwa, ya gwada su. Sau da yawa ba su daidaita. Mutum ɗaya, karo ɗaya, hukunci biyu; wa zai kira ɓarawo a nan? Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani.

Hoton kansa ma ba ya nuna duka. Abin da na'urar ɗauka ta hango daga bisa, alƙali bai gani ba daga kujerarsa. Abin da alƙali ya ji na ƙarar naushi a haƙarƙari, hoto bai kawo ba. Cikin Maris 1999, a New York, aka ce Lennox Lewis da Evander Holyfield sun yi kunnen doki, alhali galibin masu kallo sun ga Lewis ne ya ci. Eugenia Williams, wadda ta ba Holyfield 115 da 113, har turmi na 5 ta ba shi, wanda a cikinsa ya sha duka sosai. Daga baya ta ce daga inda take zaune an tare mata gani. Kai, ko mutanen ɗan dambe na kusurwarsa sukan ɓata lissafi. Ran 28 ga Satumba, 1976, a karo na uku tsakanin Muhammad Ali da Ken Norton, inda turmi ake ƙirgawa ba maki ba, mutanen Norton suka ɗauka yana gaba, suka ce ya yi hankali a turmi na 15. Ashe alƙalai biyu 7 da 7 ke gare su. Ali ya ci turmin ƙarshe, ya ci karon, Norton ya fita yana kuka.

Kada kuwa a ɗauka wannan aiki yana koya wa mutum cewa kowane hukunci daidai ne. Abin da yake koyarwa shi ne bambanci tsakanin karon da ya yi kusa da kuma zalunci. A wasannin Olimfik na Seoul cikin 1988, Roy Jones na Amurka ya sami Park Si-hun na Koriya da naushi 86, shi kuwa aka same shi da 32, amma alƙalai uku cikin biyar suka ba Park. Wannan ko an kashe sauti, ko an kunna, ko an kalle shi sau ɗari, amsa ɗaya ce. Park da kansa bai ji daɗin zinariyar nan ba, har cikin 2023 ya tafi Amurka ya miƙa wa Jones ita. Wanda ya saba riƙe alƙalami shi ya fi cancanta ya kira wannan da sunansa, domin bai ɓarnatar da kalmar a kan kowane karon da gwaninsa ya fāɗi ba.

Ɗan dambe yakan shekara goma sha biyar yana tashi da asuba, yana gudu, yana shan duka, sa'an nan a taƙaita aikinsa duka a lambobi biyu da wani ya rubuta cikin minti ɗaya. Wanda ya zauna ya sāke auna masa turmi-turmi, ba da son rai ba, ya ba shi girman da ya dace da wahalarsa, ko da bai san an yi ba. Shi kuma mai aunawar yakan tashi da wata riba tasa. In gardama ta taso a kasuwa ko a zaure, aka ce ya faɗi mai gaskiya tsakanin ɗan'uwansa da bare, ya riga ya san ta wace fuska idonsa ke karkata, ya san kuma ba a haɗa jimla sai an ji turmi na ƙarshe.