Kwazazzabon Arizona, inda sauka ke riga hawa

Duk dutsen da na taɓa hawa a rayuwata, daga Dala zuwa Kufena, tsarinsa ɗaya ne: mutum ya fara da wahala, ya ƙare da sauƙi. Idan ƙarfi ya gaza a tsakiya sai ya juya, gangara ta mayar da shi gida. Babban Kwazazzabon jihar Arizona ta Amurka, wanda masu ƙasar ke kira Grand Canyon, ya kifar da wannan tsari. A can sauƙin ake fara ba mutum, wahalar kuma tana jiransa a ƙarshe, lokacin da babu sauran damar fasawa.

Na je can ne a watan Mayu, sa'ilin da nake hutun nazari a wata jami'a ta jihar. Abokin tafiyata wani masanin duwatsu ne mutumin Agadas, wanda ya girme ni da kusan shekara goma. Shi ya nemo mana izinin kwana a ƙasan kwazazzabon, domin ba a kafa tanti a can sai da takarda. Da muke ɗaure jakunkunan goyo na ga yana cusa dabino da gyaɗa mai gishiri, sai na yi dariya. Na ce masa wanda ya yi azumi a zafin Afrilu na ƙasar Hausa ba ya tsoron ranar Turawa. Ya dube ni ya ce, "Dakta, a inuwa ka yi azuminka, ba da kilo goma sha biyar a gadon baya ba."

Da asuba muka kama hanyar Kaibab ta Kudu. Tsawonta zuwa kogi kimanin kilomita 11 ne, tana gangarawa fiye da mita 1,400, kuma babu ko ɗigon ruwan sha a kanta. A bakin kwazazzabon sanyi har da rigar ɗumi. Gari na wayewa sai ramin ya buɗe a gabanmu, ja da ruwan ƙasa da fari, hawa bisa hawa, iya ganin ido. Kogin Kolorado ne ya sassaƙe shi, tsawon kilomita 446. Abokina ya nuna mini burbushin halittun teku a farin dutsen da ke sama, mai shekara kusan miliyan 270. Ya ce baƙin dutsen da za mu tarar a ƙasa ya kai shekara biliyan 1.7.

Saukar ta yi mini daɗi, kuma daɗin nan shi ne tarkon. Ina ta zuba sauri, ina wuce mutane, ba na tsayawa sai in ayarin alfadarai ya taho, domin doka ta ba su hanya. Ban lura cewa iska na ƙara zafi yayin da muke ƙara nisa ba. Kafin hantsi ya dubi ludayi gwiwoyina sun fara rawa. Muka bi ta wani ɗan gajeren rami a cikin dutse, muka fito kan baƙar gadar da aka gina a 1928, wadda mazaje 42 na ƙabilar Havasupai suka sauko da igiyoyin ƙarfenta a kafaɗa ta wannan hanya da ta galabaitar da ni. Kogin na gudana a ƙasa, kore shar. Da na yi alwala a gefensa sai da haƙorana suka haɗu, domin ruwan daga gindin madatsar Glen Canyon yake fitowa. Muka kwana a sansanin Bright Angel, duwatsu na ta amayo zafin da suka haɗiya da rana.

Washegari bashi ya zo biya. Hanyar komawa ta Bright Angel kimanin kilomita 15 ce. Abokina ya so mu tashi ƙarfe huɗu, ni kuwa na ja mu har gari ya waye. Saboda tsoron ƙishirwa na dinga ɗirkar ruwa, abinci kuwa na ƙi shi, domin zuciyata na tashi. A tsakiyar wani hawa mai yawan lanƙwasa kaina ya sara, ƙafafuna suka ɗaure, na zauna daɓas a kan hanya. Na ɗaga kai na hango bakin kwazazzabon can sama kamar in miƙa hannu in taɓa. Ranar na fahimci abin da ake nufi da hangen Dala ba shiga birni ba.

Abokina bai yi mini gori ba. Ya karɓe gorar ruwan daga hannuna, ya jiƙa rawaninsa ya ɗora mini a wuya, ya miƙo gyaɗar nan da na raina. Ya ce, "Ci, Dakta. Gishirin jikinka ne ya tafi da gumi, ruwa zalla kuma ƙara tsarma abin da ya rage yake yi." Ya ce a garinsu, inda ayarin raƙuma ke tashi zuwa Bilma ɗauko gishiri, madugu ba ya barin gida sai ya gama lissafin dawowa, har harawar da dabbobi za su ci a hanyar komowa akan ajiye ta tun a tafiya.

Da ƙyar muka kai wata dausayi mai inuwar bishiyoyi da famfo, inda Havasupai suka yi noma shekaru aru-aru kafin a fitar da na ƙarshensu a 1928. Sai a 2022 aka mayar wa wurin da sunansu. Nan muka yini, kamar yadda ma'aikatan gandun ke shawartar kowa da kada ya yi tafiya tsakanin ƙarfe goma na safe da huɗu na yamma. Bayan la'asar muka ci gaba, taki ɗari, hutu ɗaya. Sauran kilomita bakwai ɗin sun ci mana awa biyar. Da fitilar goshi muka fito.

Mai karatu, ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Na san zafi, sai na ɗauka na san hamada. Tun da na dawo, duk ɗalibin da ya zo mini da ɗokin wani sabon al'amari, ko karatun digiri na gaba ne, ko rance, ko tafiya ƙetare, tambaya ɗaya nake fara yi masa: ka lissafa hanyar fita? Ƙofar shiga kullum gangara ce, kowa ma zai iya. Abin da ya kamata a auna tun daga sama shi ne ƙarfin da za a fito da shi, da guzurin da zai kai, da kuma wanda zai karɓe maka gora idan hankalinka ya gushe. Allah Ya haɗa mu da abokan tafiya nagari.