Abin da Zaman Benci Ya Koya Wa Ƙafata

'Yan'uwa ɗalibai, tsakanin wanda ya fara wasan ƙwallo da wanda aka sako daga baya akwai bambancin da ɗan kallo ba ya gani. Shekara biyu ina cikin 'yan sha ɗayan farko na makarantarmu, ina buga tsakiya. Bana malamin wasanni ya mai da ni benci, sai saura minti 20 a tashi yake sako ni. Abin ya yi mini ciwo ƙwarai, har na yi tunanin ajiye takalmi.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙafata. Ƙarfinta ya ƙaru, amma saitinta ya ragu. Wanda ya fara wasa yana da lokacin auna fili. A mintunan farko zai gane inda yashi ke riƙe ƙwallo a filinmu na nan Mai'adua, da inda ƙasa ta yi tauri take tsalle, da yadda iskar hunturu ke karkatar da ita. Mai shigowa daga benci ba shi da wannan gata. Zai tarar abokansa sun gaji, gudunsu ya ragu, shi kuwa yana bugu da ƙarfin wanda ya huta, sai ƙwallo ta wuce su.

Don haka na canza shiri. Ina zaune ina lura da ɗan bayan da ya fara haki. In an dawo hutun rabin lokaci, sai in ja aboki gefen fili mu riƙa miƙa wa juna ƙwallo, don gudu kaɗai ba ya kawo saiti. In na shiga, bugu ukun farko gajeru nake yi, a ƙasa. Doguwar ƙwallo sai ƙafa ta zauna.

Benci ba wurin kunya ba ne. A wasan ƙarshe na Olamfik a 1996, daga benci Emmanuel Amunike ya taso ya ci ƙwallon da Najeriya ta doke Ajantina 3 da 2. Tun 2022 kuma doka ta tabbatar da canjin 'yan wasa biyar a manyan gasanni, wato kusan rabin ƙungiya na iya fitowa daga benci.

Har yanzu ina neman gurbina na farko. Amma kai da ke zaune kusa da ni, kada ka jira a kira sunanka sannan ka ɗaure takalmi.