Kafin idon na'urar ya rufe



A gidaje da yawa a nan Dayi akwai wani kwali da ba a cika buɗewa ba, cike da faya-fayan CD da DVD. A ciki akwai bikin yaya, walimar sauka, tafsirin azumi, da finafinan Hausa da aka sayo daga Ƙofar Wambai lokacin da kasuwar faifai ke ci. Yayyenmu marubuta kuma suna da nasu: labaran da aka buga musu a shagunan kwamfuta a Malumfashi ko Funtuwa, aka zuba musu a faifai, takardun asali kuwa gara ta daɗe da gamawa da su. Mu da muka taso a ƙarshen wancan zamani mu ne muka gaji kwalin, muka kuma gaji tsohuwar kwamfutar tebur da ita kaɗai ta rage mai iya buɗe shi.

To, ita ma ta fara gajiya. Ka sa faifai, sai ka ji ƙugi ya tashi ya kwanta, 'yar fitilar tana ta ƙiftawa, minti biyu, minti uku, kwamfutar ta sandare. Da yawanmu a nan muke cewa ta mutu, mu zare faifan mu mayar kwali. Sau tari ba ta mutu ba, gargaɗi take yi mana.

Abin da aka rubuta a faifai yana kwance ne a kan siririn layi guda ɗaya da ya nannaɗe daga tsakiya zuwa baki, tsawonsa a CD ya haura kilomita 5. Wani ɗan ido mai fitar da haske ne ke bin layin nan yayin da faifan ke juyawa. Idan idon ya kasa gane wani wuri, na'urar takan rage gudu ta koma ta sake gwadawa, ta kuma sakewa. Mafi yawan nawar da muke gani maimaicin nan ne. Saboda haka tambayar ita ce me ya hana idon gani, faifan ne, idon ne, ko hanyar da ke kai saƙon cikin kwamfuta?

A fara da faifan. A gwada guda uku ko huɗu, a haɗa da na kamfani da wanda aka kwafa a shago. Idan na kamfani yana buɗuwa nan take, na shago yana wahala, to matsalar ta fi karkata ga faifan. Wanda ake kwafa a shago rini ne a cikinsa ke riƙe da bayanan, zafi da hasken rana kuma suna kashe rinin a hankali. Duk wanda ya san ɗakin kwano a watan Afrilu ya san abin da faifai ke sha a kan durowa. Wajen gogewa a sami ƙyalle mai laushi, a ja daga tsakiya zuwa baki. Kada a goge a kewaye, domin ƙarzanen da ya bi layi ya fi wanda ya gitta shi ɓarna. A kuma kula da bayan CD, wajen da muke rubuta suna, domin bayanan sun fi kusa da can. Biro mai kaifi yana iya kashe faifai gaba ɗaya.

Sai idon. Mu a nan ƙura biyu muke sha, ta hunturu da ta kaka lokacin casar masara da dawa, fankar kwamfuta kuma zuƙo ta take yi ciki. A kashe wuta, a ciro na'urar, a buɗe murfinta, a ɗiga sifirit irin na masu gyaran waya a tsinken auduga, a shafi idon a hankali ba tare da dannawa ba, a bar shi ya bushe. Idan na'urar tana karanta DVD tana ƙin CD, ko akasin haka, kada a yi mamaki. Haske biyu ne a cikinta, kowane da irin faifansa, kuma ɗaya yakan riga ɗaya mutuwa. Wannan shafa ba ta gyara shi.

Na uku shi ne wanda ya fi ruɗa mutane, kuma shi ya same mu a gidanmu. Kwamfutarmu Windows XP ce a kanta. Bayan an matsa mata da wani faifan fim da ya sha ƙarzane, sai kowane faifai ya koma nawa, har sabo fil, murya tana yankewa, hoto yana tsalle. Dalili shi ne idan XP ta ci karo da kuskuren karatu har sau 6, takan sauke na'urar daga hanya mai sauri da ake kira DMA, mataki-mataki har ta kai ga ta sannu, wato PIO, ba ta kuma komawa da kanta. Maganin ba ya cin ko sisi: a shiga inda Windows ke jera sassan kwamfuta, a nemi layin IDE da na'urar ke kai, a cire shi, a kashe kwamfutar a kunna, za ta sake ɗora shi da cikakken gudunsa. A duba faffaɗar wayar da ke bayan na'urar ko ta sassauta.

Da yamman da muka yi wannan, faifan walimar yayanmu ya buɗe. Ga kakarmu, Allah ya jiƙanta, zaune a tabarma tana sa albarka. Baba bai ce komai ba har aka wuce wajen, sannan ya ce, "Ku maido min da baya, in sake jin Inna." Ba mu da muryarta a ko'ina sai a wannan faifai.

Shi ya sa muke cewa gyaran na'ura ba shi ne ƙarshen aiki ba. Microsoft ta daina kula da XP tun Afrilun 2014, ta daina da Windows 7 a Janairun 2020, sababbin kwamfutocin cinya kuma galibi ba sa zuwa da wajen faifai. Ranar da na'urarka ta yarda ta karanta, ranar kwashewa ce, ba ta kallo ba. Galibi CD ba ya wuce megabait 700, DVD kuma gigabait 4.7, don haka filas mai gigabait 32 zai ɗauke CD fiye da 40. A fara da abin da babu shi a wani wuri, wato bidiyon gida, hotuna da rubuce-rubuce. Fim da tafsiri ana iya samunsu a hannun wasu. A ajiye kwafi biyu, ɗaya a wani gida daban. Wanda tasa ta ƙi gyaruwa, akwai ta waje da ake jonawa ta USB, guda ɗaya za ta ishi unguwa idan ana aro.

'Yan'uwa, musamman masu labaran da suka maƙale a faifai, a sauko da kwalin nan a makon nan kafin hunturu ya kankama. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya sa mu dace.