Wa Zai Biya Kuɗin Awo?

Kawuna, Allah ya ji ƙansa, ya shekara biyu yana fama da tsaikon fitsari, kunya ta hana shi faɗa. Da muka kai shi asibiti, likita ya ce ciwon daji ne na furostat, watau wata 'yar tsoka kamar goro da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, har ya kama ƙashi. Ya ce ciwon nan ba safai ya kan nuna alama da fari ba, amma akwai awon jini, PSA, wanda kan tona shi da wuri.

To, da ya ke ni akawu ne, sai lissafi ya zo mini. Talaka mai jin kansa garau ba zai taɓa kuɗin hatsi domin awo ba. A Amurka, inshorar gwamnati mai suna Medicare tana biya wa mazan da ke cikinta, waɗanda suka haura 50, awon nan sau ɗaya a shekara. A Nijeriya kuwa, dokar 2022 ta wajabta inshorar lafiya a kan kowa. Saura mu tambaya ko awon yana ciki.

Amma fa awon kan hau ko babu daji, saboda haka sai da shawarar likita. Baƙar fata sun fi kamuwa, shi ya sa likitocin daji na Amurka ke cewa su fara neman shawara tun suna da shekara 45.

Ni dai na kai. Jama'a, na je an ɗibi jinina. Kada kunyar da ta ci kawuna ta ci waninmu.