Layin da Yaya ya ja a gona

Shekara uku na yi ina buga ƙwallon lambu, wato golf, a Kano kafin na yarda cewa ban iya doguwar sanda ba, kuma kafin in yarda sai da na zalunci yaron da ya fara gaya mini gaskiya.

Dokar golf ta ba mutum damar zuba sanduna 14 a jaka. Gajerun na ƙarfe ba su taɓa wahalar da ni ba, domin fuskar lamba 9 a kwance take, wajen digiri 40, ko yaya ka taɓa ƙwallo sai ta tashi. Lamba 4 kuwa fuskarta kusan a tsaye take, digiri 20 zuwa 24, ga tsawon ƙota. Duk sanda na tsaya a kanta sai zuciyata ta ce wannan ƙarfe ba zai ɗaga ƙwallo ba sai na taimaka masa. Sai in jingina a ƙafar baya, in karya wuyan hannu, in nemi kwaso ta daga ƙasa. Wani lokaci in tono ƙasa ƙwallon ta gangara yadi 30, wani lokaci bakin ƙarfen ya sare ta a ciki ta tafi tana jan ƙasa.

Wata Asabar, a rami na bakwai, yaron da ya saba ɗaukar mini jaka ya matso ya rage murya. "Yallaɓai, kwasarta kake yi kamar mai ɗibar tsaba. Ka sare ta ƙasa, da kanta za ta tashi." Ɗaya daga cikin abokan wasana ya ji, ya yi dariya. Raina ya ɓaci. Na ce masa, "Jaka aka ba ka, ko koyarwa?" Na karɓe jakata, na sallame shi ba tare da na cika masa kuɗinsa ba, mako mai zuwa kuma na ce a ba ni wani. Na san sarai cewa yaran nan da abin da suka samu a rana suke ci, kuma wanda babban mutum ya ƙi a bainar jama'a, wasu ma ja da baya suke yi da shi. Ban tsaya na yi wannan tunani ba. Na je na sayi sababbin sanduna, ƙwallo ta ci gaba da halinta.

Bayan kaka na tafi gida Zango da sanda ɗaya da ƙwallaye goma a bayan mota. An gama yankan gero, an tattare kara, gonarmu ta gado ta zama fili, jigawa ce zalla kamar yawancin ƙasarmu ta bakin iyakar Nijar. Da hantsi, hunturu na kaɗawa, ina ta bugu rairayi na tashi. Yayana, wanda bai taɓa taka filin golf ba, yana zaune a gindin gawo yana kallo. Can ya taso, ya ɗauki kara ya ja layi a ƙasa, ya ce in jera ƙwallayen a kai.

Na buge su duka. Ya tsuguna ya auna da hannu. Sawun ƙarfen goma ne, kowanne a bayan layin, wani yatsu huɗu, wani har taƙi guda. "Kai," ya ce, "ƙasa kake bugu, ƙwallon tsintar ta kake yi a hanya. Dubi ƙafarka ta baya yadda ta nutse. Ka taɓa ganin mai noma ya sa nauyinsa a baya fartanya ta ci gaba?"

"Ban taɓa ba, Yaya."

Ciyawar fili tana rufa wa mutum asiri, ƙarfe kan zame a kanta ya kai ga ƙwallo. Rairayi kuwa duk inda ka sauka sai ya nuna. Sanda kewaye take zanawa, kuma gindin kewayen dole ya faɗo a gaban ƙwallo: ƙarfe ya same ta tukuna, sannan ya shafi ƙasa. Kwanciyar fuskar da gudun bugun su ne ke murza ta baya ta hau sama. Na ajiye ta ɗan gaba da tsakiyar ƙafafuna, na maido nauyi kan ƙafar hagu kafin sanda ta sauko, na bar hannuwana su riga kan ƙarfen isa. A rana ta huɗu sawu ya fara bayyana a gaban layi, siriri, marar zurfi, sautin ma ya canza.

Daga baya na nemi hotunan gasar Open ta 2006 a Hoylake, Ingila, shekarar da zafi ya busar da filin. Sau ɗaya kacal Tiger Woods ya zaro babbar sandarsa ta bugun farko a kwana huɗu, da dogayen ƙarafa ya ci gasar, har ya jefa ƙwallo rami na 14 daga nesa da lamba 4. Na yi ta maimaita bugun ina duban ƙafafunsa. Abin da yaron nan ya faɗa mini ne, ba ƙari.

Da na koma Kano na nemi yaron, aka ce ya daina zuwa, ya koma tuƙa Adaidaita Sahu. Sai da na yi mako biyu kafin wani abokinsa ya haɗa mu. Na cika masa kuɗinsa, na ce, "Gaskiya ka faɗa, ni na yi maka ba daidai ba. Ka yafe mini." Na san kuɗin ba za su maido masa da watannin da ya rasa ba. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ba komai, yallaɓai, Allah ya yafe mana baki ɗaya." Har ya tayar da mashin, sai ya waiwayo. "Lamba 4 ɗin ta fara tashi?"

Na ce masa ta fara.