Kwikwiyo Da Mai Rarrafe A Tsakar Gida Ɗaya

Matsalar tsaro ta sa gidaje da dama da ba su taɓa tunanin ajiye kare ba yanzu suna da shi saboda gadi. Yawanci maigida ne ke kawo ɗan kwikwiyo, ya miƙa ya fice kasuwa ko ofis, ɗawainiya ta koma kan uwargida. Malamai sun yi bayanin inda aka halatta ajiye kare, wannan fagensu ne. Nawa fagen a matsayina na ma'aikaciyar jinya shi ne abin da ke faruwa idan kwikwiyo yana bahaya a inda yaro ke rarrafe.

Yawancin 'yan kwikwiyo da tsutsar ciki ake haihuwarsu, suna samunta tun a cikin uwa ko ta nono. Ƙwan tsutsar yana fita a kashi, ido ba ya ganinsa. Idan ya yi mako 2 zuwa 4 a ƙasa sai ya nuna, ya iya shiga jikin ɗan adam, kuma yakan yi watanni da ransa. Yaron da ke cin ƙasa ko tsotsar hannu shi ne kan gaba wajen haɗiyarsa. Tsutsar na iya yawo ta kai hanta ko huhu, wani lokaci har ido. Akwai kuma wata da ke huda tafin ƙafa, ta bar jan layi mai ƙaiƙayi a fata. Abin da ke kwantar min da hankali shi ne makonnin nan da ƙwan ke buƙata. Kashin da aka kwashe a ranar bai samu damar yin wannan ɓarnar ba. Kwashewa kullum kuwa tana sauƙi ne idan wuri ɗaya yake yi.

Lokacin da aka kawo namu, autata tana da wata tara, ta fara rarrafe. Na zaɓi lungun bayan gida, nesa da madafa da randa da inda muke alwala, na sa aka zuba yashi. Kwikwiyo yana da lokutansa: da ya farka, da ya ci abinci, da ya gama wasa, zai nemi wuri. Sai na riƙa kai shi lungun a waɗannan lokuta, da kuma kusan duk bayan awa 2 da rana. Idan ya fara shinshinar ƙasa yana zagaye, to lokaci ya yi, ba jira. Da ya yi a wurin, nan take sai a yaba masa da murya mai taushi, a ba shi ɗan guntun nama. Abinci ma na tsayar masa da lokaci, sau 3 a rana, domin idan aka san lokacin ci an san lokacin fita.

Surukata ta ce min, "'Yar nan, kare ai da bulala ake koya masa." Na ce, "Hajiya, a ba ni wata ɗaya mu gani." Duka ba ya koya masa wuri. Abin da yake koya shi ne ɓuya, ya je bayan randa ko ƙarƙashin gado ya yi inda ba za ki gani ba, nan ne kuwa ƙwan zai samu makonninsa. Ga shi kare mai tsoro ya fi saurin cizo. Idan ya ɓata wuri, ki kwashe da shebur, ki wanke da ruwa da sabulu sosai, domin warin ne ke dawo da shi. Cikin makonni kaɗan namu ya fara tafiya da kansa, amma sai da ya kai kusan wata 6 kafin ya iya riƙewa dare guda. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, sai dai da haƙuri.

Horo kaɗai bai isa ba. Likitan dabbobi zai ba shi maganin tsutsa akai-akai tun yana ƙarami, da allurar rigakafin haukan kare idan ya kai wata 3, a riƙa maimaitawa. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom, kusa da Jos, tana haɗa wannan allura a nan gida. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 40 cikin 100 na waɗanda wannan cuta ke kashewa yara ne 'yan ƙasa da shekara 15, kuma idan alamunta suka bayyana da wuya a tsira. Idan ya ciji yaro ko ya yakushe shi, ki wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, ku wuce asibiti a ranar.

Kwanonsa daban, makwancinsa daban, kada a bar ƙaramin yaro shi kaɗai da shi, kuma duk wanda ya taɓa shi ya wanke hannu kafin ya ci abinci. Dabba amana ce, 'ya'yanmu ma amana ne. Ke da kika riga mu ajiye kare, wace dabara ce ta yi miki aiki? Allah Ya raya mana zuri'a, Ya tsare mana gidajenmu.