BA A FAFE GORA RANAR TAFIYA

'Yan uwana mata, da zarar Fabrairu ya ƙare a nan Tudun Jukun sai mu naɗe barguna, wai hunturu ya tafi. Ni dai ban yarda da sallamarsa ba, don yakan bar gari ya laɓe kan duwatsu.

Nakan ga 'yan mata za su hawan Dutsen Kufena, can wajen Wusasa, da takalmi mai tsini da gyale shara-shara, wai gayu. Haba! Dutsen nan santsi gare shi, iskar safiya a samansa kuwa har ƙashi take shiga. Balle Jos mai tudun kusan mita 1,200, don duk hawan mita 1,000 zafi na raguwa da wajen digiri 6. A Turai ma dusar ƙanƙara kan kai watan Yuni bisa tsaunuka, alhali ƙasa ta yi kore.

Don Allah uwa, kafin 'yarki ta fita ki duba mata rigar sanyi, kambas, da gorar ruwa. Ki san da wa za ta, kuma ta sauko kafin Magariba. Allah Ya tsare mana zuri'a, amin.